Ranar da Makaranta Ta Koma Gonar Alhaji Manu

Ƙarfe bakwai da kwata na safiyar Talatar da ta wuce, ina zaune a ƙofar ɗakina ina tsintar shinkafa. Waɗanda ke wurin su ne ɗiyata Dije, wadda ta zo gaishe ni, da ɗanta Sani da ke neman takalminsa ƙafa ɗaya, sai akuyar maƙwabta wadda ba wanda ya gayyace ta. An kwana ana ruwa, tsakar gida duk taɓo. Wayar Dije ta yi ƙara. Ta duba, ta ce saƙo ne daga makarantar su Sani: gobe ma'aikatan asibiti za su zo ba yara maganin tsargiya, kowace uwa ta ciyar da ɗanta kafin ya fito.

Dije ta dube ni, na dube ta. Ta ce, "Inna, kan kifi." Muka yi dariya har Sani ya bar neman takalmi ya tsaya yana kallonmu. Na yi masa alkawarin bayani. Ga bayanin, kuma zan kawo shi bi da bi, don ba na son labari mai tsalle-tsalle.

Da farko, shekarar. Dije na aji biyar a lokacin. Ruwa ya yi jinkirin sauka a tungarmu da ke bakin gulbi a ƙasar Ngaski, shukar farko ta ƙone, aka sake. Da ruwan ya zo kuma sai ya zo kamar yana huce fushi. Watan Yuli ya same mu rumbuna sun yi ƙasa, gero ko ciki bai yi ba. In ka leƙa rumbu sai ka ga ƙasansa da ɓeraye biyu suna kallonka, su ma da ƙorafinsu. Gulbi ya yi jajir, iska ba ta barin jirage su yi nisa, maza su dawo da ɗan abin da ba ya rufe gindin kwarya.

Ga yadda yini yake a gidana. Da asuba in dama kunu tsararo, wanda in ka duba cikin ƙoƙon za ka ga fuskarka. Yara su sha su tafi. Da hantsi in shiga bayan gari tsinkar tafasa da rama. Da rana a kwaɗa ganye da ɗan ƙuli, a ci da hannu biyu don ya yi kama da abinci. Tuwo sai dare, sau ɗaya, malmala kamar ƙwan zabo. Itace duk jiƙaƙƙe, hayaƙi ya cika ido, tufafi ba sa bushewa, gida na warin danshi. In rana ta leƙo bayan ruwa, zafin da ke tasowa daga ƙasa kamar an buɗe tukunya.

Na biyu, ciwon. Duk wanda ya tashi a bakin gulbi ya san tsargiya. Yara maza a wancan lokaci ba su ɗauke ta ciwo ba. Yaro in ya fara fitsarin jini sai ya riƙa tafiya yana buɗe kafaɗa, wai ya zama namiji. Har gasa suke yi a bayan makaranta, a ga na wa ya fi ja. Na mata kuwa ba a magana. Su ma kullum suna cikin ruwan, wanki da wanke-wanke da ɗiban ruwa, amma yarinya sai ta ɓoye. Ni a wajen wanki na gane na Dije. Na kira ta ɗaki na tambaye ta, ta ce ya daɗe. Sannan na lura da abin da yunwar shekara ta rufe mini ido a kai: wuyanta ya yi tsawo, tafin hannunta ya yi fari, in ta ɗauko tulu daga gulbi sai ta huta sau biyu a hanya. Na gaya wa mahaifinta, ya ce, "Kulu, wa ya tashi a nan bai yi ba? Shina wucewa." Ban yi gardama da shi ba, amma ban yarda ba.

A daidai nan aka ce gwamnati ta kawo maganin tsargiya kyauta, za a raba wa 'yan makaranta. Ni ce shugabar iyaye mata ta makarantarmu. Ba don ilimi aka zaɓe ni ba, firamare na gama. An zaɓe ni ne don ina da murya, kuma in na ce ƙarfe takwas, ƙarfe takwas nake nufi.

Na uku, mutanen biyu da aikin ke hannunsu. Magani yana hannun Sista Rifkatu, mai kula da ƙaramin asibitin da ke tsallaken ruwa. Yara suna hannun hedimasta, Malam Bawa. Dukansu ma'aikatan gwamnati ne, dukansu mutanen kirki ne, kuma ba sa magana da juna. Dalilin shi ne, wata rana haƙori ya hana Malam barci, ya tsallaka asibiti da kumburarren kunci, Sista ta ce ya bi layi. Layin kuwa ɗalibansa ne uku a gaba. Ya zauna a benci bayan ɗan aji biyu. Shi kuma da aka yi taron iyaye, ya gabatar da ita a gaban jama'a da cewa "yarinyar nan ta asibiti", alhali tana da jikoki. Tun daga nan duk saƙon da zai wuce tsakanin makaranta da asibiti, ni ce nake ɗaukarsa a jirgi.

Na tsallaka na sami Sista. Ta ce sharuɗɗanta uku ne, kuma ba ita ta ƙirƙiro su ba. Ɗaya, a makaranta ake bayarwa, a gaban hedimasta. Biyu, sai yaro ya ci abinci mai nauyi, don maganin yana da ƙarfi, in ya sami ciki wayam sai amai da jiri. Uku, sai an auna tsayin kowane yaro a jikin wata sanda mai zane-zane, ita ke nuna ƙwaya nawa zai sha.

Na ce, "Sista, abinci mai nauyi a watan nan?"

Ta ce, "Innar Dije, ni ma ramar nake ci. Amma ban ba yaro wannan ƙwaya bisa kunun ruwa. Ki gaya wa mai makarantar taku Litinin."

Ta ba ni sandar in kai makaranta tun da wuri. Na kai wa Malam Bawa, na gaya masa Litinin. Ya ce, "Ki gaya wa mai asibitin taku na ji." Ya sa sandar a ofis ya kulle.

Na bi gida-gida. Abin da na roƙa tafin hannu ɗaya ne na hatsi daga kowace uwa. Wasu suka ba da dawa, wasu masara, wata tsohuwa ta ba da wake da ƙwari suka riga mu ci. Saratu, maƙwabciyata 'yar coci, ta kawo daddawa da gishiri. Ranar Litinin tun da asuba muka hura wuta a gindin mangwaron makaranta, muka tuƙa tuwo tukunya biyu da miyar kuka. Labari ya zaga. Makarantar da kullum rabin benci babu kowa, ranar nan har taga an zauna. Yaran da ba a taɓa rubuta sunansu ba suka zo da wankakkiyar fuska. Wani dattijo ya zo da ƙoƙonsa ya ce shi ma tun yana yaro yake fama da tsargiya.

Yara suka ci, suka side hannu, muka jera su muna duban gulbi. Sai hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Iska ta taso, ruwan gulbi ya riƙa tashi yana faɗuwa. Ba mai hankalin da zai sa jirgi a ruwa a ranar. Sista ba ta zo ba, kuma ban ga laifinta ba. Yara suka koma gida da cikakken ciki, suna cewa wannan magani yana da daɗi.

Aka sake sa rana, Laraba ta mako mai zuwa. Na sake bin gidaje. Wannan karon sai da na yi sallama sau uku kafin a amsa. Tukunya ɗaya da rabi muka samu. Gari ya waye garau, Sista ta iso da akwatin magani a kan mai jirgi. Yara suka ci. Sai aka nemi hedimasta. Ashe tun da sassafe an aiko masa ya tafi gari karɓo takardun jarrabawa, ya hau babur ya tafi, makullin ofis a aljihunsa, sandar awo a cikin ofis. Muna hango ta ta taga, a jingine a lungu. Na ce a ɓalle ƙofar. Sista ta ce ko an ɓalle, ba hedimasta, ba magani. Ta jira har azahar ta koma. Yara suka sake tafiya gida suna yabon magani.

Da yamma mata suka same ni. Saratu ce ta yi magana a madadinsu. Ta ce, "Kulu, mun ba ki sau biyu. Abin da ya rage na bakin yara ne da dare. In kinka sake zuwa da kwaryar nan, za mu ce ba mu nan, kuma kina jin muryarmu."

Gaskiyarsu ce. Ni kaina ba ni da tafin hannun da zan zuba.

Na sake tsallakawa. Sista ta ce makaranta na gab da hutu, kuma an ce duk maganin da bai fita ba a mayar da shi ranar Juma'a ta mako mai zuwa. Alhamis ɗin makon ce ta ƙarshe. In ta wuce, sai baɗi in Allah ya kai mu. Na dawo a jirgi ina tunanin Dije da tulunta. Ban ga alamar tana da ƙarfin jiran baɗi ba.

Da na gaya wa Malam Bawa Alhamis, ya ce shi yana nan, ko gwamna ya kira shi ba ya motsawa. Sai ya ƙara da cewa, "Amma kin san ranar ce gayyar Alhaji Manu?"

Na sani, mantawa na yi. Alhaji Manu yayan mijina ne. Shi kaɗai ne a tungar yake da tsohuwar dawa a rumbu, kuma dalilin da ya sa yake da ita shi ne ba ya buɗe rumbun. Mutum ne da in ya ba ka goro sai ya tsaya ya ga ka tauna a hankali. Yana da fadamar shinkafa babba, ciyawa ta rufe ta, ya kira gayya. A wurinmu gayya tana da doka. Mai gona shi ke ciyarwa. Duk wanda ya sa hannu a aikin, ko ciyawa ɗaya ya cire, yana da haƙƙin ya ci ya ƙoshi. Mai gona kuma ba ya cin nasa sai kowa ya ci. In abinci ya ƙare da sauran mai yunwa, abin kunya ne da za a riƙa tunawa da shi har jikoki. Saboda haka Alhaji ya zaɓi waɗanda ya gayyata da kyau: samari da manyan yara masu hannu, ba ƙanana masu baki kawai ba.

Ranar Alhamis na isa makaranta da hantsi. Ba wuta, ba tukunya. Manyan yara duk suna fadama. Ƙananan da suka zo suna zaune a baranda, cikinsu na kuka. Malam Bawa na zaune a kujerarsa a wannan ƙarshen, sandar awo a kan cinyarsa. Sista ta iso ta zauna a wancan ƙarshen, akwati a gabanta. Ni ina tsakiya. Daga fadama ana jiyo gangar noma, iska kuma na kawo ƙamshin miya daga gidan Alhaji.

Sista ta dubi sama ta ce, "Innar Dije, tambayi mai makaranta, ina makarantar take? Ni dai benci nake gani."

Malam Bawa ya miƙe. Wannan ne karo na farko da ya amsa mata kai tsaye. Ya ce, "Ke, makaranta ba benci ba ce! Makaranta ni ne da ƙararrawar can. Duk inda na tsaya anka kaɗa ta, nan ne makaranta!"

Na ce, "Malam, maimaita."

Ya maimaita, har da buga sanda a ƙasa.

Na ce, "Sista, kin ji?"

Ta ce ta ji.

Na ce, "To Malam, tashi ka tsaya a gonar Alhaji."

Ya dubi Sista, ya ga tana jira ya janye maganarsa. Na tabbata da ba ta wurin da ya janye. Ya gyara hularsa ya ce a kwance ƙararrawa.

Ƙararrawar makarantarmu ba ta hannu ba ce. Tsohon ƙarfen tayar mota ne da aka rataye a reshen mangwaro. Sai da aka zura masa itace, mai jirgi da mai gadi suka ɗauka a kafaɗa. Ga yadda muka jera: Malam a gaba da sandar awo, ƙararrawa a bayansa, Sista da akwati a kanta, ni da allon aji ɗaya don Malam ya ce makaranta ba ta tafiya ba allo, sannan ƙananan yara a layi. Muka ratsa gari. Mata suka fito ƙofar gida, da suka ji inda za mu, kowace ta turo ɗanta cikin layi. Hanyar fadama taɓo ne har ƙauri. Takalmin Malam ɗaya ya zauna a can, bai waiwaya ba.

Alhaji Manu yana tsaye a bakin gona da lema. Ya hango mu, ya sauke lemar, ya sake ɗagawa.

Ya ce, "Kulu, lafiya? Wa ya mutu?"

Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata. Na ce, "Yaya Alhaji, ba wanda ya mutu. Mun ji kana gayya, munka kawo maka hannu."

Ya dubi hannayen. Wasu ba su kai girman ludayi ba. Ya ce, "Ban gayyace su ba."

Na ce, "Ai ba a korar mai taimako."

Na juya na ce wa yara kowa ya shiga ya cire ciyawa. Suka afka cikin fadama kamar agwagi. Kafin Alhaji ya gama salati, kowane yaro ya fito da abu a hannu yana ɗagawa sama don a shaida. Rabin abin da suka ciro shinkafa ce.

"Ku fito! Ku fito mini daga gona! Kulu, wannan gayya ce ko fari?"

Malam Bawa ya sa aka rataye ƙarfen a reshen ɗorawar da ke bakin gonar, ya ɗauki dutse ya kaɗa da kansa. Ya ce da ƙarfi, "An shiga aji!"

Abin da ya ƙarasa Alhaji shi ne makaɗin gayya. Mutumin ya ga abin da ke faruwa, ya juya gangarsa, ya bar yabon samari ya koma kan mai gona. Ya riƙa kiransa uban makaranta, mai rumbun da ba ya ganin ƙasa, wanda gwamnati da kanta ta biyo shi har gona. Samari suka ɗauka suna amsawa. Alhaji ya tsaya, fuskarsa rabi fushi rabi jin daɗi, ya rasa wanda zai bi. Matarsa Yaya Hajo, faccalata, ta iso da masu ɗauke da tuwo. Ta dubi yawan yaran, ta dubi tukwanenta, ta miƙa masa hannu. Ya daɗe yana lalube a aljihu, kamar makullin rumbun ya ƙaura. Da ya ba ta, sai ya ce, "Damin da ke gefen hagu. Na hagu na ce, Hajo!"

Ta ɗebo na hagu da na dama.

Ban taɓa ganin mata sun yi aiki da sauri kamar ranar ba. Waɗanda suka ce in na zo ba su nan, duk suka fito da taɓarensu. Wasu na sussuka, wasu na surfe, wasu sun ruga da shi inji, Saratu na hura wuta da ɗanyen itace tana hawaye tana dariya. Rana ta take, zafi ya taso daga fadama, gumi na shiga ido. Tuwon da aka fara kawowa aka ba samari da manyan yara, na biyu ya sauka bayan azahar aka ba ƙanana. Tuwon dawa ne ja, mai tauri, da miyar kuɓewa busasshiya da kifi. Na ga yaro ya ci ya tsaya ya numfasa, ya kwance mazagin wandonsa, ya ci gaba.

Sai awo. Aka kafa sanda, ta nutse a taɓo. Aka tsayar da yaro, shi ma ya nutse. Sista ta ce haka ba za ta yiwu ba, sai wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe. Kowa ya dubi allon da na ɗauko. Malam Bawa ya ce a kwantar da shi. Aka shimfiɗa allon gwamnati a ƙasa, yara suka riƙa hawa da ƙafafun taɓo, bisa lissafin jiya da ba a goge ba. Malam ya riƙe sanda yana kiran suna, Sista na duba zane tana ƙirga ƙwaya. Yaran maza suka gane cewa dogo ya fi samun ƙwaya, sai kowa ya riƙa ɗage. Malam ya riƙa danna kawunansu da tafin hannu.

Sista ta ce, "Malam, wannan ya yi ɗage."

Ya ce, "Na gan shi, Sista. Kai, sauko, ubanka ma bai kai nan ba."

Na lura da "Malam" da "Sista" ɗin nan, amma na yi kamar ban ji ba.

Ƙwayar babba ce, fara, mai ɗaci da wari. Jarumawan bayan makaranta, masu gasar ja, su suka fi kowa yamutsa fuska. Ɗaya ya ɓoye tasa a kunci, Saratu ta toshe masa hanci har ya haɗiye.

Dije tana cikin masu ɗebo ruwan sha tun da muka iso. Na ce mata ita ce ta ƙarshe, don kada a ce shugaba ta fara da nata. Tsari tsari ne, kuma ko yau haka zan yi. Layi ya ƙare, hadari ya fara haɗowa, mai jirgi na cewa Sista ta yi sauri. Dije ta ajiye tulu ta hau allo. Malam ya auna ta. Sista ta zuba ƙwaya a hannu, sannan ta tsaya ta dube ta.

"Ɗiyata, kin ci abinci?"

Dije ta sunkuyar da kai. Tana ta kai da kawowa da ruwa, ba wanda ya tuna da ita, ita kuma ba mai roƙo ba ce. Na ruga wajen tukwane. An kankare su har ƙanzo, ɗaya ma wani yaro ya sa kai a ciki. Na dawo na ce, "Sista, ta sha kunu da safe."

Sista ta rufe hannunta. Ta ce, "Innar Dije, kin san amsata. Dubi jikinta. Ita ce ma ba zan ba bisa yunwa ba."

Iska ta fara kaɗa ganyen ɗorawa.

Yaya Hajo ce ta juya ta dubi gindin bishiya. Kowa ya bi idonta. Alhaji Manu yana zaune a kan tabarma, ya wanke hannu, ya jawo akushinsa da aka rufe da faifai tun rana. Doka ta hana shi ci sai kowa ya ci, ya jira yini guda, yanzu ya ɗaga faifan. Makaɗi ya taɓa ganga sau ɗaya, a hankali.

Alhaji ya dubi jama'a, ya dubi akushi. Ya ce, "Ita ma ta cire ciyawa?"

Samari suka ce ruwan da ya sha da rana ita ta kawo.

Ya yi ajiyar zuciya da aka ji har tsakiyar fadama. Ya ce, "Zo nan, Dije. Zauna. Ci tuwon." Ta zauna ta fara ci a kunyace. Ya matso da bakinsa ya rage murya, amma duk mun ji. "Kin ga kan kifin nan? Tun safe nake tunaninsa. Ki ci tuwo da miya, shi ki bar wa Babanki Alhaji."

Sista ta ce daga inda take, "Kifin ne ma ya fi yi mata amfani."

Dije ta dubi Alhaji, ta dube ni. Na gyaɗa mata kai. Ta cinye kan kifin, ta tsotse ƙashin ɗaya bayan ɗaya, Alhaji na bin kowane da ido. Sannan ta sha ƙwayarta, ta kora da ruwa, ba ta ko yamutsa fuska ba. Ɗigon farko ya sauka a kan allo. Malam Bawa ya kaɗa ƙarfe ya ce an tashi. Shi ya riƙe wa Sista lemar Alhaji har bakin jirgi, da takalmi ƙafa ɗaya.

Abin da ya biyo baya gajere ne. Yara da yawa sun yi jiri da yamman, wasu sun kwanta da wuri, washegari suka warware. Gonar Alhaji ba a yi ko rabinta ba, don haka ranar Asabar mu iyaye mata muka shiga muka gama masa cirar, muka dasa inda yara suka tumɓuke, kuma kowace ta zo da abincinta, bisa sharaɗinsa. Fitsarin Dije ya washe kafin a ci tumu. Da kaka ta yi, tana ɗauko tulu daga gulbi har gida ba hutu. Alhaji Manu kuwa har ya bar duniya, Allah ya jiƙansa, yana gaya wa baƙi cewa shi ya warkar da yaran tungar nan da dawarsa. Ba wanda ya taɓa musa masa. Dije kawai yake yi wa kallon gefe in an kawo kifi.

Yanzu saƙo yana zuwa ta waya, ba mai shiga jirgi da shi. Yara maza sun daina gasar bayan makaranta. Amma watan Yuli yana nan yadda na san shi, rumbu yana yin ƙasa, kuma waya ba ta tuƙa tuwo. Ranar Larabar nan na tashi da asuba na tuƙa wa Sani, na ƙulla malmala uku a leda na ce ya ba duk wanda ya ga yana lashe baki a layi. Ya dawo ya ce ba su isa ba.

Don haka ga roƙona gare ka, mai karatu, kuma abu biyu ne. Na farko, in ka ji an sa ranar magani a makarantar garinku, taka da ƙafarka ka tambayi hedimasta wace rana ce, sannan ka taka ka tambayi mai asibiti, kowa shi kaɗai, ka ji ko bakinsu ya zo ɗaya. Na biyu, a safiyar ranar ka ciyar da ɗanka tuwo, ba kunu ba, ka ƙulla masa ƙarin malmala ya tafi da ita. In ya isa, ya fara duba yarinyar da ke ƙarshen layi.